Ƙarfe Ba Ya Mantuwa: Lissafin Sitires da Kwamfuta Bayan Ƙarfe Ya Sallama

Ka ɗauki guntuwar waya ta ƙarfe, ka ɗan lanƙwasa ta ka saki, za ta koma yadda take. Ka ƙara ƙarfi ka lanƙwasa ta sosai, idan ka saki sai ta ɗan dawo kaɗan ta tsaya a karkace. To yanzu gwada miƙe ta. Za ka ji gwiwar nan da ta lanƙwashe ta fi sauran jikin tauri, har wayar ta gwammace ta lanƙwashe a gefen gwiwar, ta bar maka ɗan tozo a tsakiya. Wurin ya riƙe abin da aka yi masa. Duk wahalar lissafin ilastik da filastik a kwamfuta daga nan ta taso: dole manhaja ta riƙe tarihin kowane ɗigo a jikin ƙarfen, kuma kada ta rubuta a tarihin abin da bai faru ba.

Kafin mu yi nisa, mu daidaita kalmomi. Sitires shi ne ƙarfin da ke kan kowace murabba'in milimita a cikin jikin abu, ana auna shi da megafaskal, wato MPa. Miƙewa ita ce kason da tsawo ya ƙaru ko ya ragu. Ilastik na nufin sauyin siffar da ke komawa in an sauke lodi, filastik kuwa sauyin dindindin ne, kuma a nan kalmar ba ta da alaƙa da roba ko leda. Iyakar da ke tsakanin biyun ita nake kira iyakar sallamawa. Ƙarfen gini samfurin S355 yana sallamawa a 355 MPa, ma'aunin Young ɗinsa kuma, wato sitires a raba da miƙewa kafin a kai iyaka, kusan 210,000 MPa ne, don haka miƙewar 0.0017 kacal ta isa ta kai shi iyaka. Ƙasa da milimita 2 ke nan a sandar mita ɗaya. Hanyar guntaye kuwa, wadda injiniyoyi ke taƙaita sunanta da FEM, ita ce a yayyanka siffar abu zuwa ƙananan guntaye masu haɗuwa a mahaɗa, a samu raga, a yi lissafi a kan ragar. Ray Clough ne ya raɗa mata suna a 1960.

Muddin ƙarfe bai kai iyaka ba, aikin mai sauƙi ne. A haɗa matiris na turjiya, wato teburin lambobin da ke danganta ƙarfi da gusawar mahaɗai, sau ɗaya, a warware sau ɗaya, a samu gusawar kowace mahaɗa. In aka ninka lodi, amsa ta ninka. Da zarar wani ɗigo ya sallama, wannan sauƙin ya ƙare. Miƙewa ɗaya tak za ta iya ba da sitires iri-iri, gwargwadon hanyar da aka bi aka iso gare ta. Shi ya sa ake ɗora lodi mataki-mataki, ko da kuwa amsar ƙarshe kawai ake buƙata.

Zagaye biyu, ɗaya cikin ɗaya

A kowane mataki akwai aiki biyu da ke tafiya tare, kuma wanda bai raba su a kansa ba zai daɗe yana laluben inda matsala take.

Na waje shi ne neman daidaito a dukan ragar. An ƙara lodi, an yi hasashen yadda mahaɗai za su gusa, an lissafa ƙarfin da guntaye ke mayarwa daga ciki, an cire shi daga lodin waje. Abin da ya rage shi ne giɓi. Hanyar Newton da Raphson tana ɗaukar giɓin, ta warware shi da matiris na turjiyar wannan lokacin, wanda ake kira tanjan, ta gyara gusawar, ta sake auna giɓin. Haka za a yi ta zagayawa har giɓin ya yi ƙanƙantar da za a ce lissafi ya zauna. A manhajar Abaqus, idan ba ka taɓa saitin ba, ana neman giɓi mafi girma ya sauko ƙasa da kashi 0.5 cikin 100 na matsakaicin ƙarfin da ke yawo a ragar.

Akwai mai arha: a haɗa matiris sau ɗaya, na ilastik, a yi ta amfani da shi har ƙarshe. Zienkiewicz da Valliappan da King sun fito da wannan salon a Swansea a 1969, lokacin da warware babban matiris ke cin kwamfuta da yawa. Salon ba ya saurin tarwatsewa, amma yana da nawa. Ɗauki sanda ɗaya da ta sallama gaba ɗayanta, taurin da ya rage mata kashi 1 cikin 100 na ma'aunin Young. Kowane zagaye zai rage kuskure da kashi 1 cikin 100 ne kawai, don haka kafin kuskuren ya ragu sau 1,000 sai an yi zagaye kusan 690. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne, tun da gyaran kowane zagaye ƙanƙane ne, ma'aunin da ke duba gusawa kaɗai zai iya cewa an zauna alhali da sauran tafiya. A duba giɓin ƙarfi koyaushe.

Na ciki kuma yana faruwa a ɗigogin Gauss, wato wuraren da ake ɗaukar samfur a cikin kowane guntu. Guntu mai kusurwa huɗu yana da ɗigo 4 a cikakken lissafi, mai siffar bulo da mahaɗa 8 yana da ɗigo 8. A kowane ɗigo ana ajiye tarihi: sitires, miƙewar dindindin, da inda iyakar sallamawa ta kai. Tambayar da ake amsawa a nan ita ce, ga tarihin, ga ƙarin miƙewa, mene ne sabon sitires?

Ga ƙa'idar da masu rubuta nasu kod, wato umarnin manhaja, suka fi karyawa. Ƙarin miƙewar da za a ba ɗigo ana auna shi ne daga matakin ƙarshe da ya zauna, ba daga zagayen da ya gabata ba. Kuma ba a taɓa rumbun tarihi sai matakin ya zauna. Dalili shi ne zagayen Newton ba hanya ce ta gaskiya da ƙarfen ya bi ba, lalube ne. Zagaye na farko zai iya zarcewa, na biyu ya ja da baya. In ka ɗauki wannan ja da bayan a matsayin gaskiya, ɗigon zai ga kamar an sauke masa lodi, ya koma ilastik, ya bar miƙewar dindindin da ba ta taɓa faruwa ba a rubuce. Alamar cutar ita ce amsa tana sauyawa in ka sauya adadin zagaye ko ƙarfin ma'aunin zama. A ajiye rumbu biyu, na tabbas da na gwaji, a kwafe na gwaji zuwa na tabbas sau ɗaya a ƙarshen mataki. In mataki ya ƙi zama, a zubar da na gwajin gaba ɗaya.

Komawa kan da'ira

Ga ƙarafa, ma'aunin von Mises na 1913 ne aka fi amfani da shi. Tushensa shi ne matsin da ke danna abu daidai ta kowane ɓangare ba ya sa ƙarfe ya sallama, ɓangaren sitires mai karkata siffa ne ke yin hakan. Sai a raba sitires gida biyu, mai sauya girma da mai sauya siffa. In ka zana na biyun a fili, iyakar sallamawa da'ira ce. Cikin da'ira ilastik ne, kan layinta filastik ne, wajenta kuwa haramtaccen wuri ne, sitires ba ya zama a can. Dokar Prandtl da Reuss ta ce miƙewar dindindin tana tafiya ne ta fuskar da ta miƙe daga tsakiyar da'irar zuwa waje, kuma ba ta sauya girman abu ko kaɗan. A riƙe wannan maganar ta ƙarshe, za ta dawo mana da rigima a wajen raga.

Hanyar da kusan kowace manhaja ke bi a yau ta samo asali daga aikin Mark Wilkins na 1964. Da farko ka ɗauka dukan ƙarin miƙewar ilastik ne, ka lissafa sitires na gwaji. In yana cikin da'ira, an gama, shi ne amsar. In ya faɗa waje, sai ka jawo shi baya ta layin da ya nufi tsakiya har ya sauka kan da'irar, ita ma da'irar ta ɗan faɗaɗa saboda ƙarin tauri, irin wanda gwiwar wayar nan ta samu.

Mu sa lambobi. Ƙarfe mai ma'aunin Young 200,000 MPa da kason Poisson 0.3, wato kason tsukewar gefe a kan miƙewar tsawo, ma'aunin turjiyar zamewarsa, G, zai zama 200,000 a raba da 2.6, wato 76,923 MPa. Iyakar sallamawa 250 MPa, ma'aunin ƙarin tauri, H, 1,000 MPa. A ce sitires na gwaji a ma'aunin von Mises ya fito 400 MPa. Ya zarce da 150. Ƙarin miƙewar dindindin shi ne zarcewar a raba da 3G + H, wato 150 a raba da 231,769, ya ba da 0.000647. Sitires zai sauko da 3G sau wannan adadin, kusan 149.35, ya tsaya a 250.65 MPa. Sabuwar iyaka kuma 250 ce a haɗa da 1,000 sau 0.000647, ita ma 250.65. Sun haɗu. A aikace sai ka ninka kowane ɓangare na sitires mai sauya siffa da 250.65 bisa 400, wato 0.627, ka bar ɓangaren matsi yadda yake, ka sake haɗa su. Ba a bukatar zagaye ko ɗaya. In ƙarin taurin ba miƙaƙƙen layi ba ne, to lissafin ya zama na abu ɗaya da ba a sani ba, ƙaramin Newton na zagaye uku ko huɗu ya ishe shi.

Abin da ya sa nake fifita wannan hanyar shi ne tana tilasta sharaɗin sallamawa a ƙarshen mataki. Tsohuwar hanya tana ɗaukar fuskar tafiya daga farkon mataki ta yi gaba, kuma duk wanda ya bi miƙaƙƙen layi daga gefen da'ira zai fita daga cikinta. Kowane mataki sitires yana ɗan zamewa waje, kuskuren yana taruwa, ƙarfen yana ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsa. Ana iya magance shi da yanka matakin ƙanana da gyaran zamewa, masu lissafin ƙasar da ake gini a kai ma suna yin hakan da kyau saboda dokokinsu masu sarƙaƙiya. Amma ga von Mises ban ga dalilin wahalar ba. Krieg da Krieg sun auna daidaiton hanyoyin a 1977, komawa ta tsakiya ta nuna juriya ko da mataki ya yi girma. Sai dai juriya ba daidaito ba ce. In fuskar lodi tana juyawa a cikin mataki ɗaya, kamar sandar da aka ja sannan aka murɗa, babban mataki zai zauna lafiya ya ba da amsa mai kuskure. Maganin shi ne ka raba girman mataki biyu ka sake gudu, ka ga ko amsar ta motsa.

Wurare biyu ne wannan sauƙin ba ya aiki kai-tsaye. A siririn faranti da ɓawo, inda sitires na kauri dole ya zama sifili, jawowa ta tsakiya tana karya sharaɗin, sai an yi lissafi na musamman kamar wanda Simo da Taylor suka tsara a 1986, ko a yi ƙaramin zagaye a kan miƙewar kauri. Sai kuma dokoki masu kusurwa, irin na Tresca da na Mohr da Coulomb, da tsinin mazugin Drucker da Prager. A kusurwa babu fuska ɗaya ta komawa. Sai a gwada komawa kan bango ɗaya, a duba ko jerin manyan sitires uku ya rikice, in ya rikice a koma kan kusurwar.

Tanjan ɗin da ya dace da lissafin

Nan ne zagayen ciki da na waje ke gaisawa, kuma nan ne aka fi asarar lokaci. Newton yana da sauri ne kawai idan matiris ɗin da aka ba shi shi ne ainihin gangaren aikin da ke samar da giɓin. Aikin da ke samar da giɓin kuwa ba dokar filastik ta cikin littafi ba ce, lissafin komawa ne da ka rubuta, mai mataki mai girma. Shekaru ana amfani da tanjan na littafi, wanda aka samo don mataki marar girma, ana mamakin nawar lissafi. Juan Simo da Robert Taylor ne suka fayyace lamarin a 1985: a samo tanjan daga lissafin komawar kansa.

Bambancin yana bayyana a misalinmu. Ta fuskar da ƙarfen ke malala, tanjan biyun sun yarda da juna. Amma ta fuskokin da ke gicciye, na littafi yana riƙe da cikakken G, 76,923 MPa, shi kuwa wanda ya dace yana ninka shi da 0.627 ɗin nan, ya zama kusan 48,200 MPa. Na littafi ya fi wanda ya dace tauri da fiye da rabi a waɗannan fuskokin, don haka kowane gyara da zai bayar gajere ne.

Ana gane lafiyar tanjan daga jerin giɓi. Lafiyayye yana sauka kamar 0.01, sai 0.0001, sai 0.00000001, adadin sifili yana ninkawa, a zauna cikin zagaye huɗu zuwa shida. In ka ga 0.01, 0.005, 0.0025, to akwai abin da ya karye. Zagayen farko-farko za su iya yin tangal-tangal yayin da ɗigogi ke shiga filastik suna fita, wannan ba laifi ba ne, na ƙarshe-ƙarshe ake dubawa. Ga wanda ke rubuta dokar abu da kansa, gwajin ba shi da tsada: ka ɗauki ɗigo ɗaya, ka ƙara wa ɓangaren miƙewa ɗaya ɗan adadi kamar 0.0000001, ka sake kiran lissafin komawa daga tarihi ɗaya, ka raba sauyin sitires da adadin. Ka samu ginshiƙi ɗaya na matiris. Ka maimaita sau shida, ɗaya ga kowane ɓangaren miƙewa, ka gwada da naka. Yawancin kuskuren da ake kamawa a nan ninkin 2 ne a ɓangarorin zamewa, saboda miƙewar zamewa ta injiniyoyi ninki biyu ce ta wadda ke cikin tensa, wato teburin ɓangarorin miƙewa na masana lissafi. Wani abin lura, in fuskar malala ba ta bi da'irar sallamawa ba, kamar yadda ake yi wa ƙasa da dutse, tanjan ba ya zama mai madubi, wato rabinsa na sama ba ya zama daidai da na ƙasa. In ka bar manhaja ta ajiye rabinsa kawai, saurin Newton ya tafi.

Idan raga ta cije

Mu koma kan maganar cewa malalar filastik ba ta sauya girma. Yayin da sallamawa ta mamaye wuri, abin yana zama kamar wanda ba ya matsuwa, kason Poisson ɗinsa na zahiri yana nufar 0.5. Kowane ɗigon Gauss yana kafa sharaɗin kada girma ya sauya a wurinsa. Yi ƙidaya. A babbar raga ta guntaye masu kusurwa huɗu, kowane guntu yana zuwa da kusan mahaɗa ɗaya sabuwa, wato hanyar motsi 2, amma ɗigogi 4 ne ke kafa masa sharaɗi. Sharuɗɗa sun fi 'yancin motsi yawa, raga ta cije. A bulo mai mahaɗa 8, hanyar motsi 3 ce a gaban ɗigo 8. Guntu mai siffar dala da mahaɗa 4 shi ma yana cijewa, domin guntaye biyar zuwa shida ne ke rabon mahaɗa ɗaya.

Nagtegaal da Parks da Rice suka bayyana wannan a 1974. Abin tsoro a ciki shi ne lissafi yana zama lafiya ƙalau. Ba saƙon kuskure, ba gargaɗi. Kawai layin lodi da gusawa yana ci gaba da hawa bayan ya wuce lodin da ya kamata abin ya rushe, ko da ka ba shi ƙarfe marar ƙarin tauri. Kuskuren kuma yana ɓangaren haɗari, yana nuna abin ya fi ƙarfinsa na gaskiya. In ka zana matsi, za ka ga yana tsalle daga ɗigo zuwa ɗigo, sama da ƙasa kamar allon dara.

Magunguna sanannu ne. A lissafa ɓangaren girma a ɗigo ɗaya na tsakiya, a bar na siffa a cikakkun ɗigogi, wanda Thomas Hughes ya faɗaɗa a 1980 zuwa salon da ake kira B mai sanda. Ko a ɗauki guntayen da ke riƙe matsi a matsayin abin nema na daban. Ko guntu mai mahaɗa 8 a fili da ɗigo 4 maimakon 9, wanda ke aiki da kyau ƙwarai. In siffar abu ta tilasta dala, a ɗauki mai mahaɗa 10, kuma in miƙewa za ta yi yawa a zaɓi samfurinsa da aka gyara don rashin matsuwa. Rage ɗigogi zuwa ɗaya tak a guntu mai sauƙi yana kwance cijewar, amma yana buɗe wata ƙofa: guntu zai iya karkacewa kamar agogon yashi ba tare da ɗigon tsakiya ya ji komai ba. Manhajoji suna sa ƙirƙirarriyar turjiya don hana wannan, kuma al'adar aiki ita ce makamashin da ya tafi wajen hanawar kada ya wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na makamashin ciki. A wurin da ake lanƙwasawa, guntu ɗaya a kauri ba ya ganin komai, domin ɗigonsa yana zaune daidai inda sitires sifili ne. A sa huɗu ko fiye. Sanda mai yankan murabba'i tana ɗaukar ninki 1.5 na lanƙwasar da ta fara sallamar da fatarta kafin ta rushe, kuma wannan ribar ba ta fitowa daidai sai akwai isassun ɗigogi a kaurin da za su bi shigar filastik daga fata zuwa tsakiya.

Abin da ka ciyar da manhaja

Injin gwajin ja yana raba ƙarfi da faɗin sanda na farko. Lissafin babbar miƙewa kuwa yana son sitires na gaskiya, a kan faɗin da ya rage. Juyawar ba wuya. A ce injin ya nuna 500 MPa a miƙewar 0.15. Sitires na gaskiya 500 ne sau 1.15, wato 575 MPa. Miƙewar gaskiya logaridim ce ta 1.15, wato 0.1398. A cire ɓangaren ilastik, 575 bisa 200,000, wato 0.0029, ya rage 0.1369. Wannan ne ake shigarwa, kuma layin farko na teburin dole ya kasance iyakar sallamawa da miƙewar dindindin sifili.

Juyawar tana aiki ne zuwa ƙololuwar lodi kawai. Daga lokacin da sanda ta fara tsukewa ta yi wuya, miƙewa ta taru a wuri ɗaya, lambobin injin ba su wakiltar kayan. Wanda ya kwafe gangaren bayan ƙololuwa ya shigar, ya gaya wa manhaja cewa ƙarfen yana laushi, alhali faɗinsa ne ya ragu. Laushi kuwa yana tattara dukan miƙewa a layin guntaye ɗaya, amsa ta koma bin girman raga, kana ƙanƙanta guntaye tana ƙara lalacewa. A kuma san abin da manhaja ke yi bayan layin ƙarshe na tebur. Abaqus tana riƙe sitires a wurin ba ƙari, don haka gajeren tebur zai iya jawo rushewar da babu ita. Ga ƙarfen gini, ƙa'idar Turai EN 1993-1-5 ta 2006 ta yarda da layi biyu masu sauƙi, da gangaren tauri na kashi 1 cikin 100 na ma'aunin Young, ta kuma ba da shawarar tsayar da babbar miƙewa a kashi 5 cikin 100.

In lodi zai juya baya, faɗaɗa da'ira kaɗai bai isa ba. Johann Bauschinger ya nuna tun a shekarun 1880 cewa ƙarfen da aka ja har ya sallama yana saurin sallamawa in aka danna shi. Dole da'irar ta gusa daga wurinta, kamar a dokar Armstrong da Frederick ta 1966 da faɗaɗawar da Chaboche ya yi mata. Da'ira mai faɗaɗa kawai za ta yi ta girma har kowane zagayen lodi ya zama ilastik, ka ga kamar abin ya huta alhali yana tara gajiya.

Lissafi ya ƙi zama

Ƙin zama ba hujjar rushewa ba ce, sai an tabbatar. Abu na farko shi ne a zana lodi da gusawar wani wuri mai ma'ana. In layin ya kwanta kafin lissafi ya tsaya, to an kai lodin ƙarshe, tanjan ya kusa zama sifili, kuma babu daidaito a saman wannan lodin komai ƙanƙantar mataki. Manhaja za ta yi ta yanka matakin, Abaqus zuwa rubu'i a kowane yunƙuri, har ta gaji. In layin yana hawa da ƙarfinsa lokacin da aka tsaya, to matsalar ta lissafi ce: wani sashe ba a ɗaure shi ba, ko lodi a mahaɗa ɗaya ya murƙushe guntun da ke ƙarƙashinsa, ko saduwar fuskoki biyu tana buɗewa tana rufewa, ko an gauraya milimita da mita. A nemo mahaɗar da giɓi ya fi girma a wurinta, yawanci ita za ta nuna ƙofar.

Don a wuce ƙololuwa, a tura gusawa a karanta ƙarfin da ya mayar, maimakon a tura lodi. In lodi ba na wuri ɗaya ba ne, ko layin yana lanƙwasowa baya, sai hanyar tsawon baka ta Riks, wadda Crisfield ya sauƙaƙa a 1981, inda girman lodi ke zama abin nema shi ma. In an ƙure, akwai lissafin kai-tsaye na motsi, marar Newton. Kuɗinsa ƙanƙantar mataki: sauti yana gudun kusan mita 5,000 a daƙiƙa a cikin ƙarfe, don haka guntun milimita 1 yana tilasta matakin kusan 0.0000002 na daƙiƙa. Kuma tun da ba ya duba daidaito, ba zai taɓa ce maka ya kasa ba, kai ne za ka tabbatar makamashin motsi ya tsaya ƙanƙane a gaban na ciki.

Wajen karanta sakamako, kada hoto mai launi ya ruɗe ka. Za ka iya ganin 290 MPa a ƙarfen da ka ce ba ya wuce 250. Ba lissafin komawa ne ya karye ba, manhaja ce ta miƙa ƙimar ɗigogin Gauss zuwa mahaɗa don zane. A karanta a ɗigon. A kusurwa mai kaifi ta ciki kuma, filastik yana tsayar da sitires amma ba ya tsayar da miƙewa, za ta yi ta hawa duk lokacin da aka ƙanƙanta raga. A sa wa kusurwar lanƙwasarta ta gaskiya kafin a yanke hukunci da wannan lambar.

Kafin a amince da sabon kod ko sabon samfurin guntu, akwai gwaji ɗaya da ke tona yawancin abin da na lissafo: bututu mai kauri da matsi a cikinsa, wanda aka hana shi miƙewa ta tsawo. Rabin faɗin ciki milimita 100, na waje 200, iyakar sallamawa 250 MPa ba ƙarin tauri, kason Poisson 0.3. Rubu'in da'ira ya isa, da guntaye goma a kauri. Fatar ciki za ta fara sallamawa a matsin kusan 108 MPa. Filastik zai yi ta cin kaurin zuwa waje, bututun ya rushe a 2 bisa tushen 3, sau 250, sau logaridim na 2, wato 200 MPa. In layinka ya kwanta a 200, guntun ba ya cijewa. In ya wuce yana hawa, ya cije. In amsar ta sauya da ka sauya ma'aunin zama, duba rumbun tarihi. In kowane mataki yana cin zagaye ashirin, duba tanjan. Daga nan ka sake gudu, ka kai matsin 180, ka sauke shi zuwa sifili. Fatar ciki za ta rage a danne ta kewaye, ta waje a jaye, kuma jimillar sitires na kewaye a faɗin kaurin dole ta fito sifili.